Yadda Aka Soma Horon Ma'aikatan Laburare a Nijeriya ta Arewa

Kalmar laburare baƙuwa ce a bakin Bahaushe, daga Turanci aka aro ta, kuma ba ta daɗe ƙwarai da zama gari ba. Saboda haka mutane da yawa suna tsammani aikin da take nufi shi ma baƙo ne, watau tara littattafai, da tsare su, da sanin inda kowanne yake, da miƙa wa mai nema abin da ya zo nema. Da wannan zato galibin Turawan da suka fara shirya horon ma'aikatan laburare a ƙasan nan suka zo, ɗalibansu kuma suka gada. Nufina a wannan takarda in bi labarin horon nan tun daga 1939 har zuwa sa'ad da ya kafu a jami'o'in Arewa, in kuma nuna cewa gardamar da aka fi yi a kansa, ta zurfin ilmin da za a nema ga ɗalibi kafin a ɗauke shi, ta rufe wata tambaya wadda ta fi ta nauyi, watau wane irin littafi za a koya masa tsarewa, kuma domin wane mai karatu.

Kafin mu kai ga Turawa, ya kamata mu dubi abin da suka tarar. A Sakkwato da Gwandu da Kano da Katsina da Zariya da Kukawa, kowane babban malami yana da taskar littattafai a gidansa. Littafin wancan zamani ba a ɗinka shi, warƙa-warƙa ne. Akan tara warƙoƙin cikin tadarishi, a ɗaure da tsirkiyar fata, sa'an nan a sa cikin gafaka a rataye, don gudun gara da ɓera da danshi. Ba a sa lamba a shafi. Abin da ke riƙe da jerin warƙoƙi shi ne kalma guda da marubuci kan ajiye a ƙasan bayan kowace warƙa, wadda ita ce kalmar farko ta warƙa mai biyowa. In littafi ya zube ya watse, sai wanda ya san wannan dabara, ya kuma san abin da ke cikin littafin, zai iya mayar da shi daidai. Takardar kuwa galibi daga Italiya take fitowa ta hanyar Tarabulus, irin wadda in an ɗaga ta ga haske akan ga alamar jinjirin wata uku a jikinta, kuma tsada gare ta, shi ya sa ba a wasa da ko ƙyalle ɗaya.

Taskokin nan ba abin rainawa ba ne. Sa'ad da Clapperton ya komo ƙasar Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci. Bello ya gaya masa da ma gidansu suna da shi, daga Makka aka kawo, gobara ce ta cinye. A 1853 Barth, wanda mutanenmu suka sani da suna Abdulkarim, a Gwandu ya sami littafin Tarihin Sudan na mutanen Tambutu, ya zauna ya kwafi abin da ya samu hali. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo kuwa ya bar mana Ida'un Nusukhi, inda ya jera shaihunansa da littattafan da ya karanta wurin kowannensu, abin da ma'aikacin laburare na yau zai gani ya gane ɗan'uwan aikinsa ne.

Mai tsaron irin wannan taska ba makaranta ake kai shi ba. Ɗan malam ne ko babban almajirinsa, wanda ya tashi yana fere alƙalami, yana dafa tawada, yana kwafi, yana muƙabala, watau ɗaya na karanta asali ɗaya na bin kwafi da ido har a tabbata ba a tsallake layi ba. Ya san hannun marubuta kamar yadda makiyayi ya san shanunsa. Ya san wanda ya ari kaza don ya kwafa, da ranar da ya yi alkawarin maidowa. Amma kada son abin gida ya sa mu ɓoye aibinsa. Fihirisar taskar a kan mutum ɗaya take, ran da ya rasu ta bi shi kabari. Littattafan dukiya ce ta gado, akan raba su tsakanin magada, wani lokaci har littafi guda a raba warƙoƙinsa. Kuma ƙofar ba a buɗe take ga kowa ba, sai wanda malam ya sani ya yarda da shi. Waɗannan uku su ne ainihin abin da sabon ilmin laburare yake da maganinsu, da an haɗa shi da tsohon tun farko.

Laburare irin na Turawa, wanda ake buɗe wa kowa, yaƙin duniya na biyu ne ya yaɗa shi a Arewa. Gwamnati tana so mutane su ji labarin yaƙi daga bakinta, sai aka sa En'e-En'e suka buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa, aka zuba jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a watan Janairu 1939, da mujallu da hotunan fagen fama da taswirori. Wanda akan ba mabuɗi galibi ƙaramin ma'aikacin En'e ne, ba a koya masa kome game da littattafai ba. Aikinsa ya buɗe da safe, ya kaɗe ƙura, ya kulle da maraice. Tun da yake in littafi ya ɓace shi za a tuhuma, hankalinsa ya nuna masa kabad a kulle ya fi masa kwanciyar rai. Ba laifinsa ba ne. Da yaƙi ya ƙare, ɗakunan da yawa suka zama kango, ga gini ga kujeru, ba sabon littafi.

Tun kafin haka an fara shawara a Ingila. A 1939 Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa ta Kano a 1909, shi da Margaret Wrong suka rubuta rahoto a kan bukatar laburare a ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila. Asusun Carnegie na Amurka ya ba da kuɗi, aka aiko Ethel Fegan ta zaga ta duba. Wannan Baturiya ta isa a tsaya a kanta kaɗan. Ta yi shekaru tana shugabar laburaren kwalejin Girton a Kambirij, kana ta zo Nijeriya, ta koyi Hausa, tana cikin waɗanda suka soma makarantun 'yan mata a Arewa a 1930, daga baya kuma ta yi aiki wurin kutare a Zariya. Ita ce aka ba shugabancin makarantar horon ma'aikatan laburare ta farko a Afirka ta Yamma, wadda aka buɗe a Achimota ta Gwalkwas, watau Gana ta yau, a 1944, da ɗalibai 14 daga Gwalkwas da Nijeriya da Saliyo. Shekara guda ta yi aka rufe, gama babu laburaren da zai ɗauki waɗanda za ta riƙa yayewa.

Abin lura a nan shi ne, ko da yake shugabar makarantar ta san Arewa, ta ga allo da gafaka da idonta, abin da aka shirya ɗalibanta dominsa shi ne jarrabawar Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Ingila. Daga nan har kusan shekara 20, wannan jarrabawa ita ce kaɗai ƙofar zama cikakken ma'aikaci. Mutum yana Kaduna ko Ikko, yana karatu ta hanyar wasiƙa, ko in ya yi sa'a a tura shi Ingila, yana haddace tarihin adabin Ingilishi da dokokin laburaren garuruwan Ingila. Ilmi ne, ba mai musu, kuma ya horar da mutane masu tsabtar aiki. Sai dai ba a tambayarsa kome a kan ƙasar da zai yi wa aiki.

A 1948 John Harris, mutumin Niyu Zilan, ya zo ya kafa laburaren Kwalejin Jami'a ta Badun, kuma kusan duk abin da ya biyo baya da hannunsa a ciki. A 1950 ya shirya gajeren kwas domin masu tsaron ɗakunan karatu na En'e. A 1952 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa babban laburarenta a Kaduna, Joan Parkes ke shugabanta, ana aika akwatunan littattafai zuwa larduna, ana kuma kiran masu tsaron ɗakunan karatu lokaci lokaci a nuna musu yadda ake rajistar littafi da ba da aro. Zamanin Yaƙi da Jahilci ke nan, dubban manya suna koyon boko, Hukumar NORLA a Zariya tana buga musu ƙananan littattafai da Hausa. A 1953 Hukumar UNESCO ta yi babban taro a Badun a kan laburaren jama'a a Afirka, daga cikinsa Ƙungiyar Ma'aikatan Laburare ta Afirka ta Yamma ta fito a 1954, Harris ne shugabanta na farko. Taron ya ƙarfafa cewa lalle a yi horon nan a cikin Afirka.

Asusun Carnegie ya sake aiko mutum, Harold Lancour na jami'ar Illinois, ya zaga a 1957, rahotonsa ya fito a 1958. Shi Ba'amurke ne, a ƙasarsu kuwa sai mutum ya sami digiri a wani fanni tukuna yake shiga makarantar laburare. Hakanan ya ba da shawara a yi a Badun. A 1959 Carnegie ta ba da dala 88,000, a 1960 makarantar ta fara da ɗalibai 6. Da fari jarrabawar Ingila take shirya su, daga 1963 ta koma ba da diflomar kanta ga masu digiri. Hujjar mutanen Badun ba ta banza ba ce. Suka ce ƙasa mai shirin mulkin kai shugabanni take bukata, waɗanda za su gaji Turawa a manyan laburare, su zauna da shaihunan jami'a kafaɗa da kafaɗa, su yi magana da minista a saurare su. In aka soma da ƙananan ma'aikata, in ji su, Gwamnati za ta ɗauki aikin nan aikin akawu, ta yanka masa albashin akawu, mai ƙwazo kuwa ba zai shigo ba. Daga wannan makaranta manyan ma'aikatan laburaren Nijeriya na farko da yawa suka fito, a cikinta kuma Adetoun Ogunsheye ta zama farfesa a 1973, mace ta farko da ta kai wannan matsayi a ƙasan nan.

Amma tsarin nan bai yi wa Arewa rana ba. A shekarun nan masu digiri 'yan Arewa ƙalilan ne, kuma kafin tawadar takardar shaidarsu ta bushe Gwamnatin Sardauna ta ɗauke su, gama tana gaggawar sa 'yan ƙasa a kujerun mulki. Wanda ake jira ya zama Di'o ko babban sakatare, wa zai ce masa ya koma aji shekara guda don ya koyi rubuta kati? Ashe ke nan sharaɗin digiri, ko da ba a nufa ba, ya zama ƙofa a rufe. Gwamnatin Arewa ta nemi mai ba ta shawara na kanta, aka aiko F. A. Sharr, shugaban laburaren jihar Ostareliya ta Yamma, ƙasa mai faɗi da garuruwa a warwatse, wanda ya san wahalar kai littafi wuri mai nisa. Rahotonsa na 1963 ya ce a kafa makarantar laburare a Arewa, a sabuwar Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe a 1962. Juyin mulkin 1966 da abin da ya biyo shi suka kawo jinkiri, suka kuma ƙara bukata, don ma'aikata da yawa sun koma garuruwansu. A 1968 aka buɗe sashen a Zariya, da kwas ɗin difloma, da kuma digirin farko a ilmin laburare, wanda ba a taɓa yin irinsa a Nijeriya ba.

Nan gardama ta tashi, ta yi shekaru ana yinta a tarurruka da mujallun ƙungiya. Masu bin ra'ayin Badun suka ce yaron da bai ƙware a wani fanni ba, da me zai taimaki mai bincike? Mutanen Zariya suka ce ɗalibinsu yana haɗa ilmin laburare da wasu fannoni a shekarun digirinsa, kuma da babu gara ba daɗi. Ni a ganina Zariya ce da gaskiya a lokacinta, kuma ba ita kaɗai ta bi wannan hanya ba. Makarantar da aka buɗe a Ankara ta Gana a farkon shekarun 1960 ba ta nemi digiri ba. Ta Makerere a Yuganda, 1963, haka. A Dakar ma, inda 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar suka riƙa zuwa, cibiyar da UNESCO ta taimaka aka kafa a 1963, wadda ta zama makarantar jami'a a 1967, masu takardar gama sakandare take ɗauka ta horar da su shekara 2. A ƙarshe zamani ya raba gardama. Jami'ar Bayero ta Kano ta buɗe nata sashe a 1977, ta Maiduguri a 1978, duka a kan tafarkin Zariya, daga baya Badun da kanta ta buɗe digirin farko.

To, amma duk tsawon wannan ja-in-ja, ɓangarorin biyu sun yi ittifaƙi a kan abu guda ba tare da sun faɗa ba, watau abin da za a koyar. Kayan aikin ɗaya ne, tsarin Dewey na rarraba littattafai fanni-fanni, wanda aka fara bugawa a Amurka a 1876, ko na Laburaren Majalisar Amurka, da ƙa'idodin rubuta fihirisa na Ingila da Amurka. Bari mu ga yadda kayan nan suke yi in sun gamu da littafinmu.

Dewey ya raba ilmi gida 10, ya ba addini lamba 200 zuwa 299. A ciki, daga 220 har 280 na Baibul ne da addinin Kirista. Musulunci kuwa lamba ɗaya aka ba shi, 297. Saboda haka tafsiri da hadisi da tauhidi da sira da tasawwufi, fannonin da malamin zaure ya san kowanne da littattafansa da jerin yadda ake karanta su, duk sai su cunkushe a gida ɗaya, ana ta jan lambobi bayan ɗigo. A garin da rabin masu shigowa laburare abin da suke nema ke nan, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Harshen Hausa yana can a 493.72, adabinsa a 893.72, a lungun da aka tanada wa sauran harsuna.

Sai batun suna. Ƙa'idar Turawa ita ce a shigar da mawallafi a ƙarƙashin sunan danginsa. Bahaushe kuwa ba shi da irin wannan suna. Abin da ke bin sunansa na yanka ko sunan uba ne, ko na gari, ko sarauta, ko sana'a, ko laƙabi. Sai ka ga an sa Malam Aminu Kano a ƙarƙashin Kano, Sa'adu Zungur a ƙarƙashin Zungur, Mu'azu Haɗeja a ƙarƙashin Haɗeja, kamar garuruwan ne suka yi wallafar. Mai neman Shaihu Umar bai sani ba ko a A zai duba Abubakar, ko a T, ko a B. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa ya rabu gida-gida, nan Uthman ibn Fudi, can Usuman dan Fodio, wani wuri Fodio kawai. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda keken rubutun ofis ba shi da su, har ƙasa da kasa suka kwana a aljihu ɗaya. Waɗannan duk abubuwa ne da zama ɗaya na masana Hausa da ma'aikatan laburare zai iya yanke musu ƙa'ida, amma littafin koyarwa daga waje yake, bai san da tambayar ba.

Inda abin ya fi tsanani shi ne rubutun hannu. A ɗauka an kawo wa saurayi mai sabon digiri gafaka guda. Ba bango, ba shafin suna, ba maɗaba'a, ba lambar shafi. Sunan littafi da na mawallafi, in akwai, suna cikin layukan farko bayan basmala da salati. Sunan da zai gani a ƙarshe, wajen tammat, sau da yawa na mai kwafi ne ko na mai littafi, in bai sani ba sai ya mai da shi mawallafi. Rubutun irin na Magriba ne, fa da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf da ɗigo ɗaya a sama, wanda ya koyi Larabcin bugun Masar sai ya yi ta tuntuɓe. Wata warƙar ma ba Larabci ba ce, Hausa ce ko Fulatanci da ajami. Shekara kuwa, musamman a waƙoƙi, da ramzi akan ba da ita, watau kalma wadda in an tara lissafin haruffanta sai shekarar Hijira ta fito. Malamanmu lissafin Magriba suke bi, inda harafin shin yake 1000, alhali a lissafin Gabas 300 ne. Waƙar da aka yi a zamanin Shehu da Bello ramzinta kan ƙunshi shin da ra, watau 1200. Wanda ya ƙirga da lissafin Gabas zai sami 500, ya mai da waƙar baya da shekara 700. Almajirin da ya yi zurfi a zaure ya san duk wannan tun yana saurayi, sai dai ba shi da Turancin da zai ci jarrabawar shiga makarantar laburare. Wanda ya ci jarrabawar kuwa galibi ya bar zaure tun yana yaro. Makarantar Koyon Larabci ta Kano tana fitar da mutane masu hannu biyu, amma alƙalanci da koyarwa aka nufe su da shi.

Saboda haka aikin ya faɗa hannun wasu. Gaskiya ne wanda ya fara ma'aikacin laburare ne, W. E. N. Kensdale, mataimakin Harris, wanda ya san Larabci, ya zaga Arewa neman littattafai, ya fitar da fihirisar abin da ke Badun tsakanin 1955 da 1958, ya kuma jera wallafe-wallafen Shehu da Abdullahi da Bello. Amma Larabcinsa ba a makarantar laburare ya samo shi ba. Waɗanda suka biyo shi kusan duk masana tarihi ne da na Larabci. A. D. H. Bivar na Hukumar Kayan Tarihi ya tara na gidan tarihi na Jos, Aida Arif da Ahmad Abu Hakima suka yi fihirisarsu da na Kaduna a 1965. John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubutun Larabci a Badun a 1964. Abdullahi Smith ya ja ragamar shirin binciken tarihin Arewa a Zariya a shekarun 1960, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970. Kuma dukansu a kan malaman gida suka dogara. Murray Last bai rubuta littafinsa na Daular Sakkwato, wanda ya fito a 1967, ba sai da ya zauna a taskar Wazirin Sakkwato Junaidu, wanda ya riƙe wazirci tun 1948 har rasuwarsa a 1997. In ana lissafin manyan masu tsaron littattafai na ƙasan nan, ban ga wanda za a sa gaban Waziri ba, ko da yake ba a taɓa kiransa da wannan suna ba.

Labarin taskar Umaru Falke ya isa misali. Malami ne Bakano, ɗan Tijjaniyya, kuma falke kamar yadda sunansa ya nuna. Ya rasu a 1962 ya bar rubuce-rubuce fiye da 3,000, na Larabci da na Hausa da ajami. Taskar nan dungum tana jami'ar Northwestern ta Amurka. A can Abdullahi Mohammed ya yi nazarinta ya sami digirin dakta a 1978, nazari mai kyau wanda ya nuna abin da malami ɗan kasuwa yake karantawa da yadda yake tarawa. Mutum ya iya cewa an yi asara, ya kuma iya cewa da ta tsaya gida da gado ya watsa ta. Ko wanne aka ɗauka, Bakanon da ke son ganin asalin warƙoƙin sai ya ƙetare teku.

Ba a rasa masu faɗakarwa a cikin sana'ar ba. Ronald Benge, wanda ya shugabanci makarantar Gana, ya kuma riƙe sashen Zariya a shekarun 1970, ya fitar da littafi a 1979 yana sukar kwaikwayon laburaren Turai a ƙasashen da al'adarsu dabam take. Ɗaliban Zariya da Kano da Maiduguri sun rubuta kundaye da yawa a kan taskokin malamai na garuruwansu. Tun daga 2008 an yi ta yin bita a Gidan Arewa a kan gyaran tsofaffin warƙoƙi da adana su, tare da Michaelle Biddle, ma'aikaciyar laburare daga Amurka. Dokar 1995 kuma ta kafa majalisar rajistar ma'aikatan laburare, wadda ta tabbatar da darajar sana'ar, abin da mutanen Badun suka yi ta fafutuka a kai. Sai dai a lura, malaman kwalejojin horon malamai sun fi kowa sanin cewa a yawancin makarantu wanda ke riƙe da mabuɗin laburare malamin aji ne da aka ɗora wa, sau da yawa malamin Turanci, kuma ba safai ake tuna shi ba in ana maganar horo.

Abin da ya sami rubutun hannu ya sake samun littafin boko. Daga tsakiyar shekarun 1980 matasa a Kano, maza da mata, suka shiga rubuta ƙagaggun labarai suna bugawa da kuɗinsu, ana sayarwa a kasuwa, ana ba da haya a unguwanni, mata a cikin gidaje suna karantawa suna miƙa wa juna. Tun da aka fara boko ba a taɓa karanta Hausa kamar haka ba. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai buga littafi ya kai kwafi 3 a ajiye, amma marubucin da ya buga da kansa bai san da dokar ba, littafinsa kuma sau da yawa ba shekara, ba sunan maɗaba'a, kamar dai warƙoƙin gafaka. Masu haya a kasuwa su suka san wane littafi ya fito, kashi nawa ne, wa ya rubuta. Da aka zo jera sunayen littattafan nan na 1987 zuwa 2002, Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka yi aikin, bisa tarin da aka yi a Landan, aka kuma buga shi a birnin Kolon na Jamus a 2004.